Ashe Ni Ce Maman Hantsi

Malama mai wannan fili, ki taimake ni da shawara kafin in furta wa 'yar cikina maganar da ba ta janyuwa. Ban saba kai kukana jarida ba, ba na ma ganin mutuncin masu yi, amma abin ya kai ni maƙura.

'Ya'yana biyar, na raine su da tsawa da addu'a, ban ji kunyar kowa a kai ba. Ta ukun ce ke aiki a wani gidan talabijin, sashen tsara shirye-shirye. Tun farko ban so aikin ba. Tasha ce mai baki biyu. Da safe nasiha da girke-girke, da la'asar katun ɗin yara masu ihu, bayan magariba labarai da ƙwallo don maza, daga nan a saki kiɗa da rawar da ba zan kwatanta a takarda ba. Na taɓa tambayarta yadda mutum ɗaya zai tsara wa'azi da safe ya tsara fitsara da yamma. Ta ce wai kowane lokaci da masu kallonsa, kuma masu talla ba sa zuwa sai sun san wa ke zaune gaban akwatin. Na ce to, Allah ya shirya, in masu shiryuwa ne. Haka nake rufe magana tun suna ƙanana.

Bara ta fara zuwa gida duk ranar hutunta, da hantsi. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerata, ta matsa min gwiwa, mu kalli talabijin tare. Har gori na yi wa yayyenta, na ce su koyi biyayya wurin ƙanwarsu. A lokacin aka fara wani shiri, wata dattijuwa ce ke amsa tambayoyin gida tana yi wa matan zamani faɗa. Ni ba don daɗi nake kallo ba, don in ga inda duniya ta lalace ne. Amma na yarda matar tana da hankali.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni, abokan aikinta suka zo dubiya da shugabansu. Mutumin nan ya durƙusa ya gaishe ni, bakinsa har kunne, wai yau Allah ya nuna masa Maman Hantsi ido da ido. Na ce wace ce haka? Sai ya kwance min komai, shi a tunaninsa yabo yake yi. Wai a taronsu babu shirin safe da ke wucewa sai an tambaya ko Maman Hantsi za ta canza tasha. Sun san ina ɓoye rimot ƙarƙashin matashi. Sun san ina tsine wa wasan kwaikwayo amma ba mai tari idan an fara. Sun daina rubuta abu a allo, sai dai a karanta da ƙarfi, saboda ina tashi duba tukunya kuma ba na son sa tabarau. Tallar man ciwon gwiwa da garin sabulu, duk don ni ake jera su. Ita kuwa dattijuwar, ashe da maganata take rufe shirinta, ni ina zaune ina gyaɗa kai kamar sokuwa.

Yarinyar nan kanta a ƙasa. Da suka tafi ta ce wai ba ni kaɗai ba ce, sura ce ta dubban mata irina, kuma suna da irinta ta matasa da ta magidanta. Wannan ya fi yi min ciwo. Ni ce zan zama samfuri? Ashe matsar gwiwar nan leƙen asiri ne. Ta ɗauki uwar da ta haife ta ta kai ofis, yara masu ƙumba kamar shaho suna dariyar yadda nake tsaki.

Na ba ta zuwa ƙarshen wata: ta ajiye aikin, ko ta daina taka min ƙofa. Akwatin kuma na lulluɓe shi da zane. Babansu ya ce na yi zafi, shi da nake da tabbacin shi ne Baban Magaribarsu bai ma sani ba. Don ƙarin raini, wannan makon dattijuwar ta fito da tabarau mai igiya irin nawa. Kada ki ce min in yi haƙuri, kowa ya iya faɗin wannan.

Uwa mai ɓacin rai

*

Mama, ba zan ce ki yi haƙuri ba. An yi miki laifi, kuma zan faɗi sunansa. Abin da 'ya ta gani a ɗakin uwarta amana ne. Ba ta da hurumin kai shi taro ba da izininki ba, balle ta bari a laƙaba miki suna. Wannan sai ta ba ki haƙuri a kansa, ba tare da kame-kamen dubban mata ba.

Amma ki raba laifin da sana'ar. Kowace tasha tana zana wa kanta mai kallo, ta yanka shiri daidai da shi, kamar yadda tela ke awo kafin ya sa almakashi. Idan ba su auna da ke ba, da wata za su auna, ko da wani saurayi da bai taɓa ɗora tukunya ba. Da aka tambayi 'yarki wace mace ce ta cancanci a saurara, ke ta kawo. Akwai tsohuwar da idonta ya yi rauni, yau tana jin sanarwa daga kicin saboda ke. Kiɗan yamma kuwa, ki yi mata faɗa a kansa yadda kika saba, amma fitarta daga tashar ba za ta kashe ganga ko ɗaya ba. Za dai a rasa mutum guda mai jin tsoron tsakinki a wurin.

Abu ɗaya kuma, cikin girmamawa. Zanen da kika lulluɓe akwatin da shi ba shi da kauri, tunda kin ga tabarau mai igiya. Ba aibi ba ne uwa ta so aikin 'yarta.

Ki janye wa'adin yau, kafin ƙarshen wata ya tilasta miki cika maganar da za ta hana ki barci. Ki kira ta ke da ita, ba gaban babanta ko yayyenta ba. Ki gindaya sharaɗi: sunan nan ya mutu a ofis, kuma duk ra'ayin da suke so daga gare ki su tambaya a fili, ki ba su ko ki hana. Kada bakinki ya furta mata mugun abu, ko a cikin fushi.

Tambayar da ke cin ki, wadda ba ki rubuta ba, ita ce ko don ke take zuwa ko don aiki. Wannan tana da sauƙin gwaji. Ranar hutunta ta gaba ki kashe talabijin, ki miƙa mata gwiwar. Idan ta zauna har azahar babu abin kallo sai ke, kin sami amsarki. Ina kyautata zaton za ta zauna.

Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya zuciya, ya bar ki da 'yarki.