Sunan da Bakina Ya Kasa Faɗa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar dalbejiyata a tsakiyar bazara, ƙamshin turaren da ya kama rigata ya ƙi fita,

Aminci ya tabbata gare ki. Kin ga, ko a nan ma kewaye-kewaye na yi ban kira sunanki ba, kuma na san laifin ke nan da ya sa yau kwana tara ba ki ɗauki wayata ba. Kawunki Abdulsalami yana jiran kalma ɗaya daga bakinki kafin ya ba manyana ranar zuwa neman aurenki, ke kuwa kin yi shiru. Ban ga laifinki ba. Amma ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Ban manta da yammacin nan a gidan yayarki Muhsinat a unguwar Galtimari ba. Muna zaune a kan tabarma, ta kawo mana zoɓo, sai ta dube ni tana dariya ta ce, "Malam Umara, wai ka ma san sunan ƙanwar tawa kuwa? Shekara biyu ban taɓa jin ka faɗa ba." Wasa take yi. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na sunkuyar da kai ina jujjuya kofi kamar wanda aka kama da kayan sata. Ina kallo dariya ta bar fuskarki a hankali. Da kika rako ni bakin ƙofa kika gaya mini cewa mai jin kunyar sunan mace a gaban danginta, ita kanta yake jin kunya. Wallahi maganar ta shige ni, har yau tana nan.

Abin dariya, ni da aikina ke nan, rubuta sunayen mutane a takardun haihuwa. Tun safe har la'asar ina tare da sunaye. Na ga Muhammadu ya shigo ofishinmu a matsayin Modu, ya dawo a matsayin Mamman. Na ga Abubakar ya zo da rigar Bukar, ya sake zuwa da ta Garba, wani lokaci Habu. Nawa ma haka yake: Umar ne a Larabci, Bahaushe ya ja shi ya zama Umaru, mu Barebari muka ce Umara. Suna yakan yi tafiya, kowane gari ya sauka sai a ɗan sake masa kama, amma shi ne dai.

Kin tuna ranar da muka haɗu? Kin zo da takardun ɗalibanki daga makarantar da kike koyarwa a Gomari, rana ta gasa ki, mayafinki ya sha ƙurar keke. Na tambayi sunanki don in cike fom, kika faɗa, sai alƙalamina ya tsaya. Ke kin ɗauka kyanki ne ya tsayar da shi, kuma ban taɓa musa miki ba, don akwai gaskiya a ciki. Amma rabin labarin ke nan.

Ga sauran. A ofis ana kirana Umara Ajimi, da sunan mahaifina. A lungunmu na cikin garin Yerwa kuwa ba wanda ya san wannan, Fannami ake ce mini. A wajenmu idan aka ƙara "mi" a bayan sunan mace, ana nufin ɗanta. Ki cire shi, abin da ya rage shi ne sunan mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Ke a Biu kika girma, don haka ba lallai ki san cewa wannan sunan da naki abu ɗaya ne ba. Duka biyun Faɗimatu ne. Malamai suna cewa asalinsa daga kalmar yaye yake a Larabci. Ya zo ƙasarmu ya zama Falmata da Fanna, wasu suka ce Fanta, Hausawa suka ce Fatsuma. Naki kuma daga kalmar Larabci mai nufin ɗiya ya fito, saboda girmama 'yar Manzon Allah, mutane suka taƙaita suka ce 'yar nan, kowa ya gane wadda ake nufi.

A gidanmu ɗa ba ya kama sunan uwarsa, ko da wace riga sunan ya sa. Tun ina ƙarami idan aka aike ni wajen wata mai irin wannan suna, sai dai in ce mai kitso ko matar Musa. Da mahaifiyata ta rasu shekara huɗu da suka wuce, abin ya daina zama al'ada kawai, ya zama ciwo. To yaya zan yi da ke, hasken zuciyata? Yaya zan kira ki daga bakin titi da sunan da ban taɓa yarda iska ta ɗauka daga bakina ba? Na so in yi miki bayani tun tuni, amma bayanin ma sai an bi ta kan sunan, sai na yi ta ɗagawa daga yau zuwa gobe. Wannan kam wautata ce, kuma na amsa.

Jiya na kai kukana wajen Gwaggo Mu'mina, ƙanwar mahaifiyata. Ta yi mini dariya har da hawaye, ta ce ni da nake rubuta sunan a ofis kullum, sai a kan yarinyar da nake so hannuna zai mutu? Ta ce baki aka hana, ba a hana alƙalami ba. Sannan ta goge ido da bakin zani, ta ce da yayarta tana raye da ta yi murna, don takwara za a kawo mata cikin gida.

Akwai abin da ba ki sani ba. A wayata Yagana na ajiye lambarki. Haka muke kiran wadda ta ci sunan uwa: ƙaramar uwa. Babu wani suna da ya fi wannan daraja a bakina, kuma ban taɓa ba wa kowa shi ba. Idan kin yarda, da shi zan kira ki a gaban Yaya Muhsinat da Kawu da duk wanda ya so ya ji. Idan kuma ba ki yarda ba, sai na gaskiyar kike so, to ki gaya mini rana. Zan zo in faɗa. Wataƙila in yi kuka a gaban yayarki, amma rasa ki ya fi mini wannan nauyi nesa ba kusa ba.

Kuma ga alkawarina. Idan Allah ya haɗa mu ya ba mu ɗa, mutanen Yerwa ba za su tambaye ni ba, da sunanki za su kira shi, kamar yadda suka kira ni da na mahaifiyata. Tun yana rarrafe har ya yi furfura, duk lungun zai riƙa faɗin abin da ni na kasa, ni kuma ina jin daɗi a gefe.

Don Allah ki je wajen Kawu. Yanzu ga shi, da hannuna, karo na farko ba a cikin fom ba: ina son ki, Bintu.

Naki shi kaɗai, yau da gobe har ranar da za a daina kiran nawa sunan,

Umara Fannami