Kakana Mutum Ne, Ba Bindiga Ba

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin binciken tarihin iyali da ke Al Aziziya, Doha.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da ma'aikatanka da na'urorinku masu sanin asalin kowa. Sunana Abdulmumin Sule, mutumin Zongon Kumasi, direban motar ma'aikata a nan Doha. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda duk zuwan da na yi ofishinka, sai a ce kana mitin. Allah ya sa wannan ta same ka kafin ka shiga wani.

Ga abin da ya haɗa mu. Kakana Sule ya tafi yaƙin Bama, can nahiyar Asiya, cikin sojan Ingila, ya bar matarsa da cikin mahaifina, bai dawo ba. Wani abokinsa ne ya kawo wa iyalin abu biyu: ɗan faifan da soja ke ratayawa a wuya, mai ɗauke da lambarsa, da banatinsa, wato wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ita ma da lambar bindigar a jikinta. Mahaifina ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Bai taɓa roƙona komai daga Qatar ba sai abu ɗaya: ya san inda aka binne ubansa, ya yi masa addu'a yana kiran sunan wurin. Na ga tallanku a waya, na kawo muku hotunan lambobin biyu, na nuna wa yarinyar da ke karɓar baƙi wacce ce ta mutum, wacce ce ta ƙarfe.

Na farko. Dole in yaba. Kun yi bincike mai zurfi. Daga haruffan da ke gaban lambar kun gano masana'antar da shekarar, kun bi sawu daga Ingila har Indiya. Matsalar ƙarama ce: lambar bindigar kuka bi, sannan kuka rubuta sunan kakana a sama. Takardarku mai ruwan zinare ta shaida cewa Sule an haife shi a masana'anta ana tsakiyar yaƙi, kafaɗarsa ta katako ce, an taɓa sauya masa baki saboda tsatsa, kuma bayan yaƙi an yi gwanjonsa tare da 'yan'uwansa. Mu a gida mun ji an ce dogo ne mai son wasa da yara. Ba mu san yana cin harsashi goma ba.

Na biyu. Ku kuka ce za ku aika takardar Kumasi kai tsaye, don tsoho ya fara gani. Ta isa. Mahaifina ya sa aka dafa shinkafa da wake, ya kira liman da dattawan unguwa, ya saka babbar rigarsa ta Idi. Yayata Hajiya Rabi ce ke karantawa tana fassarawa. Ta ce da ta kai wurin tsatsa, sai ta ji wani a baya yana tari irin na mai danne dariya. Ta ajiye takardar. Liman ya sunkuyar da kai. Mahaifina ya jira, ya jira, sannan ya ce, “Na ji labarin bindigar. To, shi mai riƙe da ita fa?” Ya tashi ya shiga ɗaki, abincin bai taɓa ba. Yau a Zongo idan ana kwatancen gidanmu, gidan jikokin bindiga ake cewa.

Na uku. Da na koma ofishinku, mataimakinka ya duba kwamfuta, ya juyo mini da ita, ya ce lambar daidai take, khalas, wato shi ke nan. Na ce masa lambar daidai take, kakan ne ba daidai ba. Sai ya yi murmushi, ya ce idan ina so za ku iya nemo mana sauran dangi da aka ƙera a wata ɗaya da shi. Ban san ko ba'a yake yi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ina jin da gaske yake.

Ranka ya daɗe, waɗannan mutane sun bar gida sun haye teku zuwa yaƙin da ba nasu ba. An san inda kowace bindiga ta kwana, amma su sai an sha wuya kafin a ji ɗuriyarsu. Ban zaci ofishin da aka buɗe don nemo su ne zai sake ɓatar da nawa ba.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku ɗauki lambar da ke kan faifan wuya ku yi aikin da kuka yi alkawari. Idan ba ku samu komai ba, ku faɗa a fili, tsoho ya san haƙuri. Ka rubuto wa mahaifina da hannunka ka ba shi haƙuri, a karanta a gaban mutanen da suka ji ta farko. Sannan ka sa wani mai numfashi ya riƙa karanta takarda kafin a zuba mata ruwan zinare. Ku hanzarta, don kowace Juma'a idan na kira gida, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, “Sun samo shi?”

Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa wa kamfaninka. Ranar da jikokinka za su je neman tarihinka, Allah ya tsare su daga karɓo na injin sanyaya ofishinka.

Wassalam.

Abdulmumin Sule,
Al Wukair.