Shafin waken Kanan-Bakashe ya koma na Iliyasu

Yaya Hamisu,

Ina gaishe ka da kyau. Ina aiki, ina zaman Abijan? Ina Hajara da yara, da ciwon ƙafar nan taka? Mu nan lafiya lau, sai ƙarancin damina.

Ka tuna shafin intanet da na buɗe wa ƙungiyarmu ta manoman wake a Kanan-Bakashe. Tun da sojoji suka hau mulki aka rufe iyaka, da shi muke neman masu saye. Wata huɗu ina gyara don masu bincike su same mu. Na rage nauyin hotuna saboda ƙarancin rezo, wato sabis na waya, na gyara duk mahaɗar da ta mutu, har muka fito a sahun farko.

Abu ɗaya ya gagare ni, sai na ba Iliyasu, abokinmu na lakkwal tun muna 'yan makaranta, kalmar sirrin shafin. Ya ce, "Haba Sani, bar mani, aikin minti biyar ne."

Yanzu duk wanda ya latsa sunanmu, shafin Iliyasu yake faɗawa, da lambar wayarsa. Na duba littafin da nake rubuta gyare-gyaren sau uku ko kuskurena ne, don na san halina. Ranar da na ba shi kalmar sirrin, ranar aka juya shafin.

Manoma suna tambayata masu saye, ban gaya masu ba tukuna. Don Allah ka gwada daga can, ka faɗa mani abin da ka gani.

Ka gaida Hajara. Ka sa ni a addu'a, gobe Juma'a sahu ɗaya muke tsayawa da Iliyasu a masallaci.

Ƙanenka,
Sani, Mayahi