Na Ɗora Wa Tsohuwa Mai Ƙosai Labarin Littafi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni budurwa ce a Matameye, ina zaune gidan yayana, sana'ata kitso. Kwanakin baya wata ƙawata ta turo mini wani littafin matasa a waya. Labarin 'yan matan makarantar kwana ne da ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda za ta ɓace sai ta ji wata tsohuwa ta kira sunanta daga bayan katanga. Wallahi marubuciyar ta iya. Babu jini, babu dodo, amma da rana tsaka ina karantawa ina waiwaye, tsigar jikina na tashi. Ko rabinsa ban kai ba na ƙagu in ba wani.

Ran nan ina yi wa 'yar yayana kitso, bari in kira ta Rabi, ga ƙawayenta biyu suna jira, sai na fara ba su labarin. Suka yi ta dariya. Rabi ta ce, "Tanti, wannan ai tatsuniya ce." Ban san lokacin da na ce, "Tatsuniya? A garin nan aka yi. Ba ku san tsohuwa mai ƙosai ta hanyar lakwal ɗinku ba? Ai ita ce." Dariya ta ɗauke. Kuma na ji daɗi, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Me baiwar Allahn nan ta yi mini? Ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba.

Ita kuwa tsohuwar, halinta ne kiran yara da sunansu in sun zo wucewa. Washegari ta ce, "Rabi, yau ba gaisuwa?" Nan take yarinyar ta zube a hanya, sai ɗauko ta aka yi. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, ta ƙi komawa lakwal, wato makaranta, ga jarrabawa bana. Yaya ya kawo malam ana ta yi mata addu'a. Ƙawayen nan kuma suka baza magana, kafin ranar kasuwa har mutanen ƙauyen Dungu na ba da labarin da ƙarin da ni ban faɗa ba. Yanzu babu mai sayen ƙosanta, yara na jifan ƙofarta suna ce mata mayya.

Da na ƙarasa littafin kuka na yi. Ashe tsohuwar ciki ba ta da laifi, gargaɗi take yi wa 'yan matan don ta ga mai sace su.

Na samu Rabi na ce, "Ƙarya na yi miki, a littafi na karanta," har na nuna mata wayar. Ta ce, "Tanti, don in ci abinci kike faɗa. Ai da kunnena na ji ta kira ni." Na nufi Yaya, kafin in buɗe baki ya ce, "Duk mai hannu a ciwon 'yata ban yafe ba." Sai na ce ruwa na kawo masa.

Jiya na haɗu da tsohuwar a hanya. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ya jikin Rabi? Ki gaya mata wallahi gaisuwa kawai na nema." Na zare hannuna na wuce. An ce ɗanta zai zo daga Ɗan Barto ranar Juma'a ya ɗauke ta, ta bar gidan da ta tsufa a ciki.

In na fito na faɗa, Yaya zai kore ni, kuma wa zai yarda, tunda Rabi ma ba ta yarda ba? In na yi shiru, matar nan za ta tafi da sunan mayya har kabarinta. Don Allah jama'a, me zan yi?