Yaya, Mariya ba za ta koma hannun wanzami ba

Zuwa ga Yaya Lawali, a Kwatano ko duk inda babbar motarka ta tsaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ƙanwa take yi wa wanta, don tarbiyyar gidanmu ce, ko da raina a ɓace yake. Tunda ka daina ɗaukar kirana, na rubuta maka a fili, dangi su karanta tare da kai.

Saƙonka ya iso. Ka ce in fito da 'yarka Mariya daga asibitin Maraɗi in mayar da ita Cadawa ta ƙarasa jegonta, wanzami ya yi mata ƙaho a ƙafar da ta kumbura. Ba zan yi ba. Ni na ɗauko ta, ban nemi izininka ba, kuma ko gobe zan sake.

Ka tuna ƙafar Baba? Ta hagu ce ta kumbura bayan ya dawo daga doguwar tafiya, ta yi zafi kamar an ɗora ta kan murhu. Aka kira wanzami ya kafa ƙaho, aka bi da tausa da man shanu. Baba yana alwala ya dafe ƙirji, numfashi ya gagare shi, ya cika.

Ka tuna ƙanenmu Sanusi? Shi ma ƙafa. Na roƙe ka a kai shi asibitin Agiye a duba, ka daka mini tsawa a tsakar gida: "Kumburin ƙahwa ne za a kai likita? Tun kakanninmu ƙaho muka sani!" Kai da kanka ka riƙe masa ƙafar ana murzawa. Da ya rasu, ka rasa wanda za ka ɗora wa sai matarsa Rabi, ka ce mayya ce. Har yau in ta shiga gidan biki, mata janye 'ya'yansu suke yi. Kai kuwa ka hau motarka ka tafi.

To ga abin da likita ta ce, bayan ta tambaye ni su wa suka rasu a gidanmu, ta kuma auna jinin Mariya. Jininta yana saurin daskarewa, kuma gado ne: wani ɗa ya ɗauka daga iyaye, wani ya tsira. Gudan jini yana toshe jijiyar ƙafa, musamman bayan haihuwa ko dogon zama wuri ɗaya. In ya ɓalle ya tafi huhu, shi ne abin da ya faru da Baba yana alwala. Likitar ta hana kowa taɓa ƙafar da sunan tausa. Mariya a wajenka ta gada, Yaya. Rabi ba ta haɗa jini da ita ba.

Yanzu allurar tsinka jini ake yi mata, kumburin ya fara saɓewa. Jiya ta taka har bakin ƙofa da jaririnta a kafaɗa. Kunnuwanka ya ɗauko, Allah ya sa iyakar abin da ya ɗauko ke nan.

Haushinka nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma kai ne kake goya ni zuwa lakol, makarantar boko, idan damina ta cika hanya da ruwa, kuma kai kaɗai ka rage mini. Wuni kake yi zaune a bayan sitiyari. Ranar sallah na ga yadda kake jan ƙafar dama, kana cewa takalmi ne ya matse ka.

Allah ya jiƙan Baba da Sanusi, ya tashi kafaɗun Mariya, ya sassauta maka wannan taurin kai. Ka zo a auna ka. In ka taso, ka fara biyawa ta gidan su Rabi ka nemi gafararta, sannan ka same mu a asibiti. Na gaji da zaman makoki a kan ƙafa.

Ƙanwarka,
Hadiza