Zoben Dada a Tsagar Laka

Adda Jebba,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau, sai ɗan rashin barci.

Muna girbin dawar masakwa a Salak. Baƙar lakar gonar ta tsattsage, hannu yana shiga har kafaɗa. Ina tunanin littafin soyayyar nan naki, sai zoben marigayiya Dadarmu, wato Innarmu, ya suɓuce mini cikin tsaga.

Goggo Dudu ta ce, "Sarkin mafarki! Ƙasar nan juyawa take, abin da ta haɗiye tana amayarwa."

Jiya na zura hannu na ciro zobe, amma ba namu ba. Can ƙasa da sanyi, shi kuwa da ɗumi, kamar yanzu aka zare shi daga yatsa.

Na mayar wa ƙasar, ko za ta yarda mu yi musaya. Kar Baba ya ji. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Astajam