Rigar Mama da 'Yan Matan Heber

La Teja, Montevideo
Yuni

Ƙanwata Zulma,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ke da Ruben da amaryarmu Maite. Yaya sanyin Tacuarembó? Ciwon bayan Ruben ya sake shi kuwa? Mu nan lafiya lau, sai damshin da ya addabe mu, bango har gumi yake yi.

Rigar auren Mama ta iso. Da na buɗe kwalin sai da na nemi kujera na zauna. Zulma, ƙamshinta na nan yadda kika san shi, kafur da busasshen ɓawon lemon da take cusawa a lungun kabad. Na tusa fuskata a wuyan rigar, na ji kamar yanzu za ta leƙo daga kicin ta ce in daina taɓa mata kaya. Asu bai ci silikin ba. Ki ce wa Maite ta kwantar da hankalinta, zan rage ƙugun in saki kafaɗa, a rigar kakarta za ta shiga coci a watan Nuwamba.

To, ga abin haushi. Mijin yayarki ya zama manomi. Tun da Heber ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ya rasa inda zai sa kansa, sai Wilmar, abokin kartarsa, ya ba shi irin wiwi. Ya zura kwat ɗinsa ta zuwa biki ya tafi gidan waya ya yi rajista, ya dawo yana washe baki wai hukuma ta yarda masa da tushe shida. Mutumin da ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Wai mai zai haɗa ya riƙa shafa wa gwiwa.

Ya kwashe mini ɗan siton da ke jikin ɗakin ɗinkina, ya manne bangon da takarda mai ƙyalli, ya rataya wata fitila mai haske kamar na gidan rawa. 'Yan matana yake ce wa shuke-shuken, kin ji ƙazanta. Jiya na turo ƙofa zan ɗauki tsintsiya, ya taso da gudu har yana tuntuɓe: "Tsohuwa, a hankali mana, 'yan matana na hutawa." Na ce, "Tsoho, furannin da ke tagata shekara da shekaru ko tofin yawu ba ka taɓa ba su ba." Ko a jikinsa.

Ki gaida kowa da kowa. Ki aiko mini da awon ƙirjin Maite, kada ta yi mini ƙarya a kai.

Yayarki,
Nilda


La Teja
Agusta

Zulma ƙanwata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan murar da kika ce ta kwantar da ke ta wuce. Awon ya zo, na gode. Yarinyar nan ta rame, ki sa ta ci abinci.

Ni kam gidan nan ya fita daga raina. Kin tuna yadda Baba kan zazzage ganyen shayin mate da aka gama sha a gindin bishiyar lemo a tsakar gida? To Heber ya ce abin da ya yi wa lemo zai yi wa 'yan matansa. Duk ƙwaryar da ya sha, kuma kin san ba ya ajiye ta daga safe har yamma, sai ya juye jiƙaƙƙen ganyen a tukwanen. A ɗaki rufe, ba rana, ba iska. Saman ƙasar ya yi farar fumfuna kamar burodin da aka manta a jaka. Daga nan wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka ƙyanƙyashe. Suna cikin miya, suna cikin sukari. Shekaranjiya na zuƙi mate na ji abu a harshena, ban ma so in tuna.

Na yi magana ya ce, "Ai taki ne, tsohuwa, ke ɗinki kika sani." Ya kira Wilmar a waya, shi kuma gwanin ya ce ruwa ne ya yi kaɗan. Ya ƙara musu ruwa.

Ɗaya daga cikin shidan ya tashi namiji, wai dole a tumɓuke shi kada ya ɓata matan. Da kin ga yadda ya fito da shi a hannu ido jawur, sai ki ce makoki ake. Ranar da muka binne Mama ban ga hawaye a idonsa ba.

Duk wannan wasa ne a kan warin. Tun da suka fara fure gidan ya koma kamar bodari ya mutu a ƙarƙashin gado, kyanwa ta zo ta yi fitsari a kai. Yana cikin labule, yana cikin gashina. Doña Elba ta zo karɓar siket ɗinta, ta shinshina shi a gabana, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Nilda, ban san kin fara ba." Da girmana. Na rasa inda zan sa fuskata.

Kada ki damu da rigar. Na gama ƙugu da kafaɗa, saura maɓallai da bakin ƙasa. Na naɗe ta a farin zanin gado, na kai ta babban kabad na tsohon ɗakin ɗana Gonzalo a can baya, inda warin bai kai ba, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Shi ban ma gaya masa inda take ba, kada ya je leƙe da yatsunsa masu danƙo. Kafin in rufe na shinshina, Mama na nan.

Na kuma faɗa masa a fili: ba zan fito da rigar in ƙarasa ba sai ƙazantar nan ta bar gidan. Ya zaɓa, ko su ko bikin Maite. Sai juya tsinken zuƙar mate yake ta yi.

A gaida Ruben, a sumbaci amarya.

Taki,
Nilda


La Teja
Oktoba

Zulma,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar yau gajeriya ce. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada Maite ta gani.

Kin san matar Gonzalo ta haihu, na je Las Piedras na yi musu mako guda. Da na dawo na tarar da tagogi a buɗe, an share siton tas, an sauke fitilar. Heber ya yi aski, ya dafa taliya, har da furanni a kwalba a kan tebur. Ya ce, "Na sare su, tsohuwa. Wilmar ya ce saura ƙiris su nuna, na ce a'a, matata ta fi su." Gaskiya raina ya yi sanyi. Na shafa kumatunsa, na ce ashe da sauran hankali a kan nan. Muka ci abinci muna dariya. Akwai ɗan wari har lokacin, na ɗauka na bango ne, zai fita.

Da na gama na ce bari in ɗauko rigar in fara maɓallai. Tun daga bakin ƙofar ɗakin Gonzalo warin ya tare ni. Tsumman da na toshe ƙofar da shi yana gefe.

Zulma, a cikin kabad ɗin ya shanya su. Duka biyar, kai a ƙasa, a kan sandar rataye kaya, a matse da zanin da rigar ke ciki. Ɗanyu sharaf ya sa su ya rufe ƙofa, a damshin garin nan, mako guda cur. Sun ruɓe. Toka-tokar fumfuna ta lulluɓe su, wani baƙin ruwa mai danƙo ya ratsa zanin. Na fita tsakar gida na amayar da taliyar.

Ya biyo ni yana cewa, "Wilmar ya ce a wuri mai duhu ake shanyawa, a rufe. Na ga zani ne kawai a rataye, na rantse ban san me ke ciki ba." Na yarda bai sani ba. Ɗaga zani ya duba ne dai ya fi ƙarfinsa, shi da ya wuni yana leƙen ƙarƙashin ganye da madubin ƙara girma.

Tabon ya kama daga ƙirji har cinya, kore da ruwan ƙasa. Babu abin da ban gwada ba: farin sabulu, ruwan tsami, madara, shanya a inuwa. Ya ɗan dushe, amma siliki ya tsufa, a wanki na uku ya buɗe a hannuna daga ƙirji. Ba ya ɗinkuwa. Na san aikina, da akwai dabara da na yi.

Ga abin da zan yi. Ranar Asabar zan hau mota da keken ɗinkina da sabon yadi. Zan cire salon rigar sak, na haddace kowane layi nata, kuma zan gama kafin biki ko da idona zai tsiyaye. Maɓallan Mama na cire su na wanke, su ba sa riƙe wari, su zan sa. Ni zan gaya wa Maite da bakina. Ki gyara mini gadon baya, kuma kada ki tambaye ni ranar komawa.

Shi yana can zaune a tsakar gida kusa da buhun sharar da ya zuba su, yana murza gwiwa. Ɗazu ya leƙo ya ce ko in ba shi rigar ya kai wa masu wankin zamani. Ƙyamar muryarsa ma nake ji.

Kafin in ninke ta na sake tusa fuskata a wuyan, inda tabon bai kai ba. Na daɗe a haka, ina ja da ƙarfi ko zan samu ɗan kafur, ko ɓawon lemo. Babu komai sai warin nan. Mama ba ta ciki, Zulma.

Sai na iso.

Yayarki,
Nilda